Kallon tsuntsaye a bakin tabki: jagora ga mutanen Damagaram

Damagaram ba ta da teku, amma tana da tabkuna, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu tabkunan nan kan cika da baƙin da suka ƙetaro Bahar Rum da Sahara da fukafukansu. Ƴar agwagwar da ke kiwo a gefen kacala cikin Janairu, mai yiwuwa a Rasha ko gabashin Turai aka ƙyanƙyashe ta. Mutane da yawa suna wuce ta a mota ba su sani ba. Wanda ya je kallo ba shiri kuma yakan dawo da ƙarangiya a wando da ciwon kai, bai ga komai ba sai bayan tsuntsayen da ya kora.

Abu ɗaya za a riƙe tun daga farko: tabki wurin neman abincin mutane ne. Masunci, mai garka, makiyayi da mai wanki sun riga ka zuwa, kuma tsuntsaye sun saba da su. Kai ne baƙo. Duk dabarun da ke ƙasa sun dogara ne kan yadda za ka shiga cikin wannan zaman ba tare da ka ɓata wa mutum ko tsuntsu rai ba.

Inda za a je da lokacin zuwa

Mai koyo ya fara da tabkunan cikin gari da na gefensa, waɗanda ruwan damina ke bari tsakanin duwatsu. Ba su da tsabta, amma balbela da zalɓe da zakaran ƙeƙuwa na sauka a kansu, kuma sun isa a koyi riƙe madubin hangen nesa kafin a kashe kuɗin mota.

Babban wuri mafi sauƙin zuwa shi ne tabkin Gidimuni. Yana kan babbar hanyar kwalta da ta fita gabas daga Zinder, ta bi ta Mirya ta nufi Gure, tafiyar kimanin kilomita 70. An sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Ita yarjejeniyar an ƙulla ta ne a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, Nijar kuma ta shige ta a 1987. Ruwan Gidimuni ba ya dogara da damina kaɗai, ƙasa ma na ciyar da shi, shi ya sa dabino da garake suka kewaye shi, kuma yakan riƙe tsuntsaye bayan ƙananan tabkuna sun ƙafe.

Arewa da shi akwai tabkin Lassuri, wanda ya shiga jerin tun 2005. Halinsa daban ne: da damina ya yi faɗi, da rani ya tsattsage ya zama ƙananan tabkuna a jere a ƙarƙashin bagaruwa da gawo. An san shi da tarin kirinjijiya da agwagwa mai ƙululu a baki. Ba ya bakin kwalta, saboda haka sai da moto mai ƙarfi ko motar da ke iya rairayi, da ɗan gari da ya san hanya.

Lokaci mafi kyau shi ne Disamba da Janairu. Ruwa ya ja baya ya bar laka a fili, ciyawa ta kwanta, baƙin Turai sun gama isowa. A tsakiyar Janairu ne ma ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967, don a lokacin tsuntsaye sun zauna wuri ɗaya. Maris na da nasa daɗi, domin mazan agwagin Turai sun sa kayan aure kafin su tashi, sai dai zafi ya fara. Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ba lokacin mai koyo ba ne. Damina ta shamuwa ce da masu sheƙa, amma tsuntsayen ruwa sun warwatsu ko'ina, ga sauro, ga hanya ta lalace.

A cikin yini, sa'o'i 3 na farko bayan fitowar rana su ne riba. Cikin Janairu rana na fitowa a Zinder wajen ƙarfe 7 saura ƴan mintoci, don haka mai zuwa Gidimuni ya tashi da an sallame asuba, ko ya kwana can. Daga ƙarfe 10 iska mai zafi na tashi daga kan laka, duk abin da ke nesa sai ya riƙa rawa a cikin madubi. Ranar da hazon hunturu ya rufe gari har ba a ganin ƙarshen titi, a fasa tafiya. Launi ba ya fitowa cikin ƙura.

Madubin hangen nesa da sauran kaya

A jikin kowane madubi akwai lambobi biyu, misali 8x42. Ta farko na nufin yana kusanto da abu sau 8, ta biyu faɗin gilashin gaba ne da milimita. 8x42 ko 10x42 su ne na wannan aiki, kuma ga mai farawa 8 ya fi, don yana nuna fili mai faɗi, rawar hannu ba ta dame shi sosai. Kada a ruɗu da waɗanda aka rubuta wa 20x50 ko fiye a kasuwa. Girman lamba ba kyau ba ne: hannu ba ya iya riƙe sau 20 ba rawa, kuma sau da yawa lambar ma ba gaskiya ba ce. Masu jan gilashi mai walƙiya su ma a bar su, suna mayar da komai shuɗi-shuɗi.

Kafin ka biya, fita da shi waje ka dubi wayar lantarki ko gefen bango mai nisa. In ka ga layin ya rabu biyu, ko ka ji idonka na ja bayan minti ɗaya, madubin ya taɓa faɗuwa, bututun biyu sun daina kallon wuri ɗaya. Wannan ne ke kawo ciwon kai, kuma gyaransa ya fi ƙarfin mai gyaran agogo.

Saita shi ga idonka aikin minti 2 ne da yawancin mutane ba su taɓa yi ba. Da farko ka lanƙwasa bututun biyu, ka buɗe ko ka matse, har da'irori biyun su haɗe su zama ɗaya. Sai ka zaɓi abu mai rubutu a nisan mita 30 zuwa 50, kamar allon shago. Rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, idanu biyu a buɗe, ka juya babbar ƙafar tsakiya har rubutun ya fito sarai a idon hagu. Daga nan rufe na hagu, kada ka sake taɓa ta tsakiya, ka juya ƙaramin zoben da ke jikin mazubin idon dama har rubutun ya fito a nan ma. Shi ke nan. Lura da inda alamar zoben ta tsaya, domin duk wanda ya ari madubin zai juya shi. Mai sa tabarau ya mayar da robar bakin ido ƙasa, marar tabarau ya ɗago ta, in ba haka ba baƙin inuwa zai riƙa gilmawa a gefe.

Kuskuren da ke sa mai koyo ya rasa tsuntsu shi ne ya sunkuya ya dubi madubin kafin ya ɗaga. Ka kafe tsuntsun da ido, ka kawo madubin ga idonka ba tare da ka motsa kai ba. Gwada da hankaka ko hasbiya a kan katanga sau 20, hannu zai saba.

Ƙura ce babbar abokiyar gabar gilashi a ƙasarmu. Ƙwayar rairayi ta fi rufin gilashin tauri, in aka goge da bakin riga ko rawani sai ta karce shi har abada. A fara hurawa, a share da burushi mai laushi, sannan a goge da ƙyallen tabarau. A kan moto a sa shi cikin leda a cikin jaka. Kada a bar shi a gaban mota cikin rana, kuma a gargaɗi yara kada su kuskura su dubi rana da shi, yana ƙona ido nan take.

Sauran kaya kaɗan ne: ruwan sha lita 3 ga mutum ɗaya, ƙaramin littafi da fensir (tawada na bushewa da hunturu), takalmi rufaffe, hula ko malafa, ƴar tabarma, rigar sanyi ta safe, da katin shaida. Tufafi su zama masu launin ƙasa ko toka. Farar shadda tana sanar da zuwanka daga ƙetaren tabki.

Shiga ta hannun masu wuri

Kada ka sauka daga mota ka miƙe bakin ruwa da madubi a wuya. Baƙo mai leƙe da na'ura yana tayar da hankali, kuma mutane na da dalilinsu. Fara da ƙofar mai gari. Bayan sallama da gaisuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka a fili: "Ranka ya daɗe, daga Zinder muke, tsuntsayen tabki muka zo kallo da ƙirgawa. Ba mu da bindiga, ba mu da tarko." Goro ko ɗan abin shayi ya wadatar. Inda akwai ma'aikatan gandun daji, a leƙa ofishinsu su ma, su ne masu kula da dokar farauta da kare namun daji ta 1998, kuma sukan san inda tsuntsaye suka taru a makon. Tambayi halin hanya kafin ka bar gari, kuma kada ka taɓa juya madubi ko salula wajen shingen jami'an tsaro.

Roƙi a haɗa ka da masunci ko dattijon mai garka, ka biya shi ladan safiyarsa yadda kuka daidaita tun kafin a tashi. Wannan ba sadaka ba ce, sayen ilimi ne. Mutumin da ya shekara 30 yana jefa birgi a ruwa ɗaya ya san inda dinya ke kwana, da watan da kirinjijiya ke fitowa da ƴaƴa, da gefen da laka ke haɗiye ƙafa. Iya tambaya ne ke fito da wannan. "Baba, akwai tsuntsaye da yawa?" ba ta kawo komai sai "akwai". Ka ce: "Baba, waɗannan masu fito da dare, ina suke yini?" ko "Wane tsuntsu ne kuke gani kuna yara wanda yanzu ya ɓace?" Sau da yawa amsar ta biyu gauraka ce. Rubuta sunan da ya ba kowane tsuntsu yadda ya faɗe shi, ko da ya saɓa wa wanda ka sani, domin suna kan canza daga gari zuwa gari, ga kuma na Barebari da na Fulani.

Akwai wuraren da ba a tsayawa. Mashayar dabbobi daga hantsi ta makiyaya ce, in ka zauna a kai shanu za su ƙi sauka. Gefen da mata ke wanki da wanka, a kewaye shi da nisa, madubi a rataye. A cikin garka a bi kan kunya, kada a taka fangalin albasa ko a tsallake shinge. Raga ko ƙugiya da ka gani a ruwa, ko da ta yi kama da yasasshiya, tana da mai ita. Hoton mutum kuwa sai da izininsa.

Zaɓen mazauni

Rana ta kasance a bayanka. Da safe ka zauna a gabashin ruwa kana kallon yamma, da la'asar ka koma yammacinsa. Wanda ya yi akasin haka baƙaƙen inuwoyi kawai zai gani a kan ruwa mai ƙyalli. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, agwagi kuma sukan taru a gefen da kacala ko tudu ya kare musu ita, wato da safe sau da yawa suna ɓangarenka.

Nemi gindin itace, dabino ko bagaruwa, ka zauna a gabansa cikin inuwa, bayanka jingine da shi. Abin da tsuntsu ke tsoro shi ne siffar mutum a tsaye a kan tudu, sama na bayansa. Kada ka nufi garke kai-tsaye. Yi tafiyar mai garka, a karkace, a hankali, kamar wani wuri za ka. Tsuntsaye na faɗa maka iyakarsu: in kiwo ya tsaya, wuyoyi suka miƙe, na bakin ruwa suka fara iyo zuwa tsakiya, ka kai. Tsaya nan, ko ka ja da baya taku 10 ka zauna. Dinya tun daga nesa sosai take tashi, ƙananan masu bin laka kuwa sukan matso har kusa da ƙafar wanda ya natsu.

Ba wa wurin minti 20 kafin ka yanke hukunci. A cikin minti 5 na farko za ka rantse ba kowa. Daga nan sai kazar ruwa ta leƙo daga cikin kacala, wani abu da ka ɗauka kututture ne ya motsa ya zama zalɓe. Mutum 3 ko 4 sun isa ƙungiya, salula a kashe mata ƙara, nuni kuma da baki: "hagu da farin icen can, a bakin bado."

Kada a jefa dutse ko a tafa don garke ya tashi a ɗauki hoto. Baƙin nan kitse suke tarawa na ƙetare Sahara, kowane tashin banza daga guzurinsu ake cirewa. Zakaran ƙeƙuwa in ya dame ka da kuka yana kawo maka sura, ƙwansa na nan kusa a ƙasa tsirara, launinsa ɗaya da tsakuwa. Koma ta inda ka fito kana duban inda kake sa ƙafa.

Gane wanda kake kallo

Launi ne ke fara jan ido, amma shi ne ya fi yaudara. Bi wannan tsari: girma, siffar baki, tsawon ƙafa da launinta, abin da yake yi, sannan launin jiki. Girma a gwada shi da sanannu: ya kai kurciya, ya kai zabo, ko ya kai balbela?

Farare dogaye su ne tarkon farko, don mutane na kiran su duka balbela. Balbela ta gaskiya gajeren wuya gare ta da gajeren baki rawaya, kuma bayan shanu take bi. Wadda ke cikin ruwa tana sanɗa, siririya, baki baƙi, ƙafa baƙa amma yatsu rawaya kamar ta taka kunun gyaɗa, wata ce daban. Akwai ta uku babba, tsayinta ya kai na zalɓe, wuyanta a karye kamar ƙugiya. Zalɓe ma iri biyu ake yawan gani: mai toka-toka da farin kai wanda ke tsayawa cikin ruwa, da mai baƙin kai da bayan wuya wanda ya fi son gona da farautar ɓera da ƙadangare. A sama akwai alama mai sauƙi: dangin zalɓe da balbela naɗe wuya suke yi in suna tashi, shamuwa da gauraka da jinjimi kuwa miƙe shi suke.

Kirinjijiya kunne ke fara gane ta, da fito mai gaɓa 3 da garke ke yi a sama, musamman da magariba in za su kiwo. Farar fuska, baƙin ƙeya, ƙirji ja-ja, tsayuwa a miƙe. Duba garkenta da kyau, akan sami ƴar'uwarta mai launin ƙasa-ƙasa gaba ɗaya, marar farar fuska. Dinya ba ta ɓoyuwa: ita ce mafi girman agwagin Afirka, baƙa da fari, baki ja, da ƙaya a gwiwar fiffike. Agwagwa mai ƙululu farin ciki gare ta da kai mai ɗigo-ɗigo, namijin ne ke da tudun nama a kan baki, kuma tudun ya fi girma da damina.

Baƙin Turai sun fi ƙanƙanta. Mafi yawa ita ce ƴar agwagwar da namijinta ke da farin layi daga saman ido ya lanƙwasa zuwa ƙeya. Daga isowarsu har wajen ƙarshen shekara maza da mata duk launin ƙasa suke, layin sai daga baya yake fitowa sosai, don haka kada ka ce ba su zo ba. Akwai mai dogon wuya da wutsiya mai tsini, akwai mai baki kamar ludayi da ke tace ruwa kai a sunkuye.

A kan ganyen bado za ka ga wani mai jiki ja-ja da goshi shuɗi yana tafiya kamar a kan tabarma. Sa madubi a ƙafarsa: yatsun sun kusa tsawon yatsun mutum, sirara kamar tsinke, suna raba nauyinsa a kan ganyen, ganyen ya ɗan nutse ruwa ya hau kansa, kafin ya nutse sosai ya riga ya taka na gaba. A wannan dangi namiji ne ke kwanci da reno, har yakan ɗauki ƴaƴan a ƙarƙashin fiffike, ƙafafunsu na reto.

Ƙananan masu bin laka, masu launin toka da ƙasa, sun wahalar da ƙwararru ma. A shekarar farko rubuta "ƙananan masu bin laka, 40" ya fi ka laƙa musu sunan da ba ka tabbatar ba. Salula na taimakawa: manna idon kyamararta a mazubin madubi, ka jingina gwiwar hannu a gwiwar ƙafa, ka ɗauka da yawa. Manhajar Merlin na ba da shawarar suna daga hoto, amma shawara ce, tana kuskure.

Ƙidaya da rubutu

A saman shafi: kwanan wata, wuri, daidai inda ka zauna, lokacin farawa da gamawa, halin iska da hazo, da inda bakin ruwa ya kai. Wannan na ƙarshe a auna shi da abu marar motsi, misali "taku 35 daga gindin babban gawo". Bayan shekara 3 wannan layin zai fi duk sauran daraja.

Garken da bai kai 100 ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya, daga hagu zuwa dama. Wanda ya fi haka, ƙirga 10 da kyau, ka riƙe girman wurin da suka ci a idonka, ka riƙa aza shi a kan sauran: 10, 20, 30. In dubbai ne, a yi da 50 ko 100. Ido kan rage babban garke, musamman inda suka cunkushe a tsakiya, saboda haka mutum biyu su ƙirga kowa shi kaɗai ba tare da faɗa wa juna ba. In bambancin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba a ɗauki tsakiya, in ya wuce a sake. Fara da jimilla, sannan ka koma rarrabe iri-iri, domin shaho mai shawagi ƙasa-ƙasa a kan kacala, fukafukai a ɗage, yana iya tayar da su duka kafin ka gama. In garke ya tashi ya sauka a gaba inda ba ka ƙirga ba, rubuta adadinsa ka cire, nan ne ake ƙirga tsuntsu sau biyu.

Zuwa wuri ɗaya sau ɗaya kowane wata, a sa'a ɗaya, daga gindin itace ɗaya, ya fi zagaya tabkuna 10 sau ɗaiɗai. Rubuta har abin da ba ka gani ba. "Ungulu: babu" labari ne, domin ungulun da ta saba cika mahauta an sa ta cikin masu fuskantar ƙarewa matuƙa tun 2015. Ana iya shigar da ƙidaya a eBird, shafin intanet da ke tara bayanan masu kallon tsuntsaye, a kuma ba ma'aikatan gandun daji kwafi. In masunci ya nuna maka zoben ƙarfe da ya cire daga ƙafar tsuntsu, kwafe duk rubutun da ke jiki harafi-harafi, da ranar da wurin da aka same shi. Zoben na ɗauke da sunan cibiyar da ta sa shi.

Laka, ruwa da abin da ke cikinsu

Namun da ke zuwa sha da dare sawunsu ake gani da sassafe kafin shanu su tattake. Na dila kamar na ƙaramin kare ne amma ya fi tsukewa, kuma a layi ɗaya yake tafiya. Guza na barin jan wutsiya a tsakiya da farata a gefe biyu. Ajiye kwalin ashana kusa da sawun kafin ka ɗauki hoto, don a san girmansa. Inda tabki ya ƙafe ƙaf, gaiwa na nan a ƙarƙashin busasshiyar laka cikin kubenta, tana shaƙar iska ta ƴar ƙofa har ruwa ya dawo.

Kada ka shiga ruwan, ko da iya idon sawu ne. Tsutsar tsargiya daga jikin ƙananan dodon koɗi take fitowa ta huda fata lafiyayya, ba sai da rauni ba, fitsarin jini kuma sai bayan makonni ko watanni. Wanda ya riga ya shiga ya je likita a auna shi, maganin praziquantel na kashe ta. Mataccen tsuntsu ko marar lafiya ba a taɓa shi, ba a kai shi gida. A Magarya, cikin jiharmu, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar a Fabrairun 2006. In ka ga matattu da yawa wuri ɗaya, sanar da ma'aikatan dabbobi ko na gandun daji a ranar.

Kububuwa na kwanciya a gindin ciyawa da ƙarƙashin busasshen ganyen dabino, don haka a bubbuga wuri da sanda kafin a shimfiɗa tabarma. In ta sari mutum, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa likita mai allurar dafi ko da ya ce ya ji sauƙi, domin dafinta jini yake hana daskarewa, illar kuma takan bayyana daga baya.

In tafiya ta kai ka bakin teku

Masu zuwa Kwatano ko Lome neman kaya za su iya aiki da duk wannan, amma abu ɗaya ya bambanta. Tabkinmu sau ɗaya yake cika ya janye a shekara, teku sau biyu a dare da yini ɗaya. Cikowa na ɗaukar sa'o'i 6 da ƴan mintoci, janyewa haka, kuma kowace rana lokacin na jinkirta da kusan minti 50. Cikowa da janyewar sun fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren 14. Saboda haka a bakin teku da mashigar kogi ba fitowar rana kaɗai ake dubawa ba. A zauna sa'o'i 2 kafin ruwa ya gama cikowa, shi da kansa zai turo masu bin laka zuwa gabanka. In ya janye ƙaf suna can nesa ba ka ganin komai, wanda ya bi su kuma ruwa na iya zagayowa ta bayansa ya yanke masa hanya. Masunta sun san lokutan da ka, a tambaye su.

A arewacin Kwatano akwai tabkin Nokuwe da garin Ganbiye da aka gina a kan ruwa, inda ake shiga kwalekwale a ga tsuntsaye zaune a kan rassan da masunta ke kafawa don tara kifi. A rairayin gaɓar Benin da Togo manyan kunkurun teku na fitowa da dare su haƙa rami su yi ƙwai. Ba a haska su da tocila, ba a tsaya musu a gaba, domin haske na mayar da uwar ruwa ba ta yi ƙwan ba, yana kuma ɓatar da ƴaƴan daga hanyar teku. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana ja ciki da ƙarfi, iyon da aka koya a tabki ba ya aiki a kanta, don haka kallo daga busasshen rairayi ake yi, madubi kuma a goge shi da ƙyalle mai ɗan danshin ruwan daɗi da yamma saboda gishirin da iska ke ɗora masa.